Wai Obama da Kamala ba baƙaƙe ba ne? A daina yaɗa wannan magana

Akwai wata magana da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisunmu tun 2008, kuma duk lokacin da zaɓen Amurka ya zagayo sai ta farfaɗo. Wai Barack Obama ba baƙar fata ba ne, Bature ne da ya ɗan yi duhu, shi ya sa Turawa suka bar shi ya hau mulki. Da Kamala Harris ta fito takara a 2024 sai aka sake karkaɗe ta: ai wannan 'yar Indiya ce, baƙar fatar ma aro ta yi don neman ƙuri'a. Za ka ji mutum a teburin mai shayi yana zuba wannan bayani da ƙarfin hali kamar shi ya yanka musu ragon suna, wani kuma ya naɗi muryarsa ya watsa a WhatsApp. Na gaji da jin ta. Maganar ba ta da tushe, kuma akwai dafi a ƙarƙashinta wanda masu faɗa ba sa lura da shi.

Asalin mutanen nan a fili yake. An haifi Obama a Honolulu a 1961, ubansa ɗan ƙabilar Luo ne daga Kenya, uwarsa Baturiya ce haifaffiyar jihar Kansas. An haifi Kamala a Oakland a 1964, ubanta baƙar fata ne daga Jamaika, uwarta daga Indiya. Dukansu ruwa biyu ne, babu mai musu. Abin dariyar shi ne mu da ke lissafin asali ta wajen uba mu ne ke wannan gardama. Idan Bahaushe ya auro Balarabiya, 'ya'yan Hausawa ne ko da sun fito jawur. To yaya aka yi ɗan Luo ya zama Bature a bakinmu?

Amma ma'aunin da ya kamata a duba na Amurka ne, domin can suka tashi, can suka nemi ƙuri'a. A 1662 mahukuntan Virginia suka kafa doka cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa. Wato idan ubangida ya yi wa baiwarsa ciki, ɗan da aka haifa bawa ne, dukiya ce, ana iya kai shi kasuwa. Da haka gonakin bayi suka cika da 'ya'yan Turawa waɗanda ba a taɓa kiran su Turawa ba. Frederick Douglass, wanda ya gudu daga bauta ya zama babban mai yaƙi da ita, ubansa Bature ne. Haka Booker T. Washington. Babu Ba'amurken da zai ce maka waɗannan ba jagororin baƙaƙe ba ne.

Bayan an soke bauta sai aka ƙara ɗaure igiyar. A 1892 wani mutum mai suna Homer Plessy ya shiga taragon Turawa a jirgin ƙasa a New Orleans. A cikin kakannin iyayensa takwas, ɗaya ne kawai baƙar fata, kuma da ido ba za ka bambanta shi da Bature ba. Aka kama shi, shari'a ta kai Kotun Ƙoli, a 1896 kotun ta halatta wariya. A 1924 Virginia ta yi dokar da ta ce duk wanda ke da ɗigon jinin baƙar fata, komai ƙanƙantarsa, ba Bature ba ne. Lokacin da iyayen Obama suka yi aure a 1961, irin wannan aure laifi ne a jihohi da dama, sai a 1967 Kotun Ƙoli ta rushe haramcin a jihohi 16 da suka rage. Da a ce uwarsa ta ɗauko jaririn ta shiga gidan abincin Turawa zalla a Mississippi, babu mai tsayawa tambayar kason jininsa kafin a nuna musu ƙofa. Turawa ne suka shata wannan iyaka don kare dukiyarsu da mulkinsu, baƙaƙe kuma suka gina al'umma a cikinta, mai haske da mai duhu duk a coci ɗaya, makaranta ɗaya, unguwa ɗaya. Wasu ƙasashen, irin su Brazil da Afirka ta Kudu, sun ware wa ruwa biyu rukuni nasu, amma Amurka ba ta bi wannan hanya ba. Sai a ƙidayar 2000 aka fara barin mutum ya zaɓi jinsi fiye da ɗaya. Da takardar ƙidayar 2010 ta zo hannun Obama, gurbin baƙar fata kaɗai ya cika.

Sai batun wai Turawa ne suka naɗa shi. A zaɓen 2008, binciken da aka yi a bakin rumfunan zaɓe ya nuna ya samu kashi 43 cikin 100 na ƙuri'un Turawa, a 2012 kuma ya sauka zuwa 39. Wato sau biyu mafi yawan Turawa suna juya masa baya. Wannan ma ba a kansa aka fara ba, domin tun bayan Lyndon Johnson a 1964 babu ɗan jam'iyyar Democrat da ya samu rinjayen ƙuri'unsu. Abin da ya ɗaga Obama shi ne kashi 95 na ƙuri'un baƙaƙe, da 'yan asalin Latin Amurka, da matasa, ga kuma rushewar bankuna da yaƙin Iraƙi da suka sa jama'a fushi da gwamnatin Bush.

Kuma bai samu baƙaƙen nan a ɓagas ba. A 2000 ya nemi kujerar majalisar wakilai a Shikago, Bobby Rush, tsohon ɗan ƙungiyar Black Panther, ya kayar da shi warwas, ana ta cewa ɗan Harvard ne da bai san wahalar unguwa ba. A 2007 manyan baƙaƙe da yawa, har da John Lewis da aka fasa wa kai a gadar Selma, Hillary Clinton suke bi. Wasu na ganin kakanninsa ba su ɗanɗani bautar Amurka ba. Wasu da yawa kuwa tsoro suke ji: ko dai Turawa su ƙi zaɓensa a yi asarar ƙuri'a, ko a harbe shi kamar yadda aka harbe Martin Luther King. Tsoron ba na banza ba ne, domin tun watan Mayu 2007, tun ba a fara kaɗa ƙuri'ar fid da gwani ba, aka haɗa shi da jami'an tsaron gwamnati. Sai da ya ci Iowa ranar 3 ga Janairu 2008, jihar da Turawa suka haura kashi 90, sannan baƙaƙe suka ce ashe abin zai yiwu, suka yi masa ruwan ƙuri'u a South Carolina. Daga nan kuma sai zargin ya juya. Aka tono huɗubobin limamin cocinsa Jeremiah Wright, aka ce ai ya cika baƙi, aka ce ma ba a Amurka aka haife shi ba, har sai da ya fito da cikakkiyar takardar haihuwarsa a Afrilu 2011 yana kan kujerar shugaban ƙasa. Wane Bature aka taɓa yi wa haka?

Akwai ƙwayar gaskiya guda a maganar masu jita-jitar, kuma ba zan ɓoye ta ba. Hasken fatarsa da dangin uwarsa sun sassauta zukatan wasu Turawa. Harry Reid, shugaban masu rinjaye a majalisar dattawa a lokacin, ya taɓa faɗa a asirce cewa Obama zai iya ci saboda fatarsa na da haske kuma ba ya magana da karin harshen baƙaƙe, da maganar ta fito a 2010 ya nemi gafara. Masu yi masa kamfe ma sun riƙa nuna hotunan kakanninsa Turawa. Jesse Jackson, wanda ya nemi tikiti a 1984 da 1988, bai da irin wannan kati. Abin da wannan ke nunawa shi ne wariya tana da hawa-hawa, tana fifita wani baƙi a kan wani. Ba ta fitar da kowa daga layin.

Na Kamala ya fi sauƙin warwarewa. Tana ƙarama aka riƙa ɗaukar ta a bas zuwa makarantar wata unguwa a Berkeley a shirin cakuɗa ɗalibai baƙaƙe da Turawa. Ta yi digirinta a jami'ar Howard, ɗaya daga cikin tsofaffin jami'o'in baƙaƙe, ta shiga ƙungiyar mata ta Alpha Kappa Alpha tun tana ɗaliba, da ta je majalisar dattawa kuma ta shiga ƙungiyar 'yan majalisa baƙaƙe. Maganar cewa daga baya ta rikiɗe ta zama baƙa, Donald Trump ne ya faɗe ta a taron 'yan jarida baƙaƙe a Shikago ranar 31 ga Yuli 2024, yana tsakiyar neman kayar da ita. Faɗuwarta a zaɓen kuwa, da ƙuri'un wakilan zaɓe 226 yayin da Trump ya samu 312, tsadar rayuwa da rikicin kan iyaka da yaƙin Gaza da gajeren kamfe na kwana 107 duk suna da hannu a ciki.

Don haka idan irin wannan saƙo ya shigo wayarka, kafin ka tura, tambayi kanka wa ya fara faɗa kuma me yake nema. Mafi yawan waɗannan maganganu makaman kamfe ne da aka ƙera a can don raba kan masu zaɓe, mu kuma muna yi musu dako kyauta. Ka ƙi mutum saboda manufarsa idan kana so. Wanda ya ce ba ya son Obama saboda abin da ya faru a Libiya a 2011 yana da hujjar da za a zauna a tattauna, haka wanda ya ƙi Kamala saboda Gaza. Amma haba jama'a, me ya kawo tonon asali? Ku kuma iyaye, ku kula da abin da kuke faɗa a gaban yara. Yarinyar da ta ji babanta yana cewa ai sai mai haske ake bari ya yi mulki ta riga ta ɗauki darasi, kuma gobe idan ka ga man bilicin a ɗakinta kada ka yi mamaki. Malamai masu wa'azi da masu shirye-shiryen rediyo, nauyinku ya fi na kowa, don abin da kuka faɗa sau ɗaya sai an maimaita shi sau dubu. Ku bincika kafin ku buɗe baki.

Sannan ga 'ya'yan 'yan'uwanmu da ke aure a Turai da Amurka, waɗanda ake kawowa gida hutu. Ƙidayar Amurka ta 2020 ta samu mutum miliyan 33.8 da suka ce jinsinsu ya wuce ɗaya, kuma wasu daga cikinsu jikokinmu ne. Yaro ya baro inda ake kallonsa a matsayin baƙi, ya sauka Kano ko Zinder, yaran unguwa suna bin sa da "Bature, Bature", gwaggo tana shafa gashinsa tana cewa wannan ai ba namu ba ne. A kwaɓi yaran, a ja kunnen gwaggo, a kira shi da sunan da ubansa ya raɗa masa, a zaunar da shi cikin 'yan'uwansa a zuba masa tuwo a kwano ɗaya da su.