Kama Da Wane Ba Wane Ba: Yadda DNA Ke Tantance Ɓerayen Rumbu

Da zarar an gama girbin gero da dawa a Mawashi, an ɗaure dammuna an jera a rumbu, sai wani yaƙin ya tashi. Gona ta koma fili, babu abin da ya saura sai kara, don haka ɓeraye sukan tattaro su nufo gari. Magidanci ya ɗana tarko a gindin rumbu, da asuba ya tarar ya kama: baya toka-toka, ciki fari-fari, wutsiya kusan tsawon jiki. Ya ɗaga shi ya wurga bayan danga. In aka tambaye shi me ya kama, amsar ba ta wuce ɓera, ko kusu a bakin wasu Katsinawa.

Ba wai Bahaushe ya yi rowar suna ba ne. Ya san gafiya da burgu, ya san gyazbi da kurege da beguwa. Ya ma ware jaɓa da sunanta, kuma ya yi daidai, domin a wurin masana dabbobi jaɓa ta fi kusa da bushiya a kan ɓera. Amma wannan matsakaicin mai launin toka suna guda ya ba shi. Ba abin zargi ba ne. Turawan da suka kwashe shekaru suna auna ƙoƙon kai da haƙoran ɓeraye su ma haka suka ruɗe.

Masana suna kiran zuriyar da Mastomys. Abin da ya fito da ita fili shi ne nonuwan macen, waɗanda kan kai ashirin da huɗu. Cikinta kwana ashirin da 'yan kai ne, kuma haihuwar 'ya'ya goma a lokaci guda ba komai ba ce a wurinta. Wani likitan soja ɗan Sikotlan, Andrew Smith, shi ya fara bayyana ɗaya daga cikinsu a 1834 a yankin Natal na Afirka ta Kudu, inda sunan Mastomys natalensis ya samo asali. Daga nan kusan duk mai yawan nonon da aka kama, tun daga Senegal har gaɓar tekun Indiya, sai a liƙa masa wannan suna.

Ashe ba ɗaya ba ne. A yankinmu kaɗai akwai natalensis, wanda ya fi son zama cikin gida tare da mutane. Akwai erythroleucus na gona da daji. Akwai huberti mai son damshi da fadama, wanda aka fara bayyana shi a farkon ƙarni na 20 daga samfurin da aka kama a Zungeru, hedikwatar Arewa ta wancan lokaci. Can wajen Nijar da Cadi kuma ga kollmannspergeri. A jera su huɗu a kan faifai, ƙwararre ma sai ya yi canki-canka.

Abin da ya mayar da wannan ruɗani batun rai da mutuwa ya faru ne a 1969, a garin Lassa da ke jihar Borno ta yau, inda wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓi da ba a san irinsa ba. An kai ta Jos, ta rasu, wadda ta yi jinyarta ma ta bi ta. A 1972 cutar ta ɓarke a gabashin Saliyo, sai Thomas Monath da abokan aikinsa suka ɗana tarkuna, suka samu ƙwayar cutar a jikin ɓeraye masu yawan nono, suka wallafa sakamakon a 1974. Sun rubuta natalensis. To, amma da ido aka tantance su, kuma daga baya ta bayyana cewa a wannan yanki akwai 'yan kama-da-wane fiye da ɗaya. Shekaru kusan talatin ana ja-in-ja a kan wanne ne ainihin mai laifin.

Matakin farko na raba gardama shi ne ƙirga kuromosom, wato ƙulle-ƙullen da gadon halitta ke naɗe a cikinsu. Ɗan Adam yana da 46. Erythroleucus yana da 38, natalensis 32. Sai ga huberti shi ma da 32, sai dai a lura da siffarsu kafin a gane bambanci. Aikin kuwa da wahala: ana buƙatar ɓeran da rai, a ciro ɓargonsa, a shirya shi nan take, a duba a madubin likita. A ƙauyen da babu lantarki wannan ba ƙaramin jidali ba ne. Duk da haka hanyar ta tona asiri. A Afirka ta Kudu an gano cewa wanda ake ta kira natalensis biyu ne, ɗayan coucha ne mai kuromosom 36, kuma ba su ɗaukar annobar da ƙuma ke yaɗawa iri ɗaya. Har ɓerayen da aka daɗe ana kiwo a ɗakunan gwaji na Turai da sunan natalensis, da aka duba sai ga shi coucha ne.

DNA ce ta sauƙaƙa lamarin. Rubutu ne mai haruffa huɗu kacal, A da C da G da T, kuma ba sai an karanta littafin duka ba. Akan zaɓi shafi guda da aka san kowace halitta tana da shi, amma rubutunsa na sauyawa kaɗan-kaɗan daga zuriya zuwa zuriya. Masu nazarin ɓeraye sun fi amfani da wanda ake kira saitokurom b, mai haruffa 1,140. Ana yankar ɗan guntun kunne ko hanta, a jefa a kwalbar sifirit, ya yi watanni bai lalace ba. A ɗakin gwaji a ciro DNA ɗin, a ninka shi sau miliyoyi da na'urar PCR, wadda mutane suka san sunanta a zamanin korona, sannan a karanta haruffan a gwada da na samfuran da aka riga aka tabbatar. 'Yan gida ɗaya bambancinsu ƙalilan ne. Na wani gida kuwa sai a ga haruffa da dama sun saɓa. A 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph ta Kanada ya kawo shawarar a yi wa duk dabbobi irin wannan tambari da wani shafin mai haruffa wajen 650, tamkar layukan da ake bugawa a bayan kayan kanti.

Da wannan makami Emilie Lecompte da Elisabeth Fichet-Calvet da sauran abokan aikinsu suka shiga ƙasar Gini. Sun gwada ɓeraye 1,482 daga wurare 18, kuma a rahotonsu na 2006 ƙwayar Lassa a jikin natalensis kaɗai suka same ta. Aka ce magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Bayan shekara goma, Ayodeji Olayemi na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, tare da masanan cibiyar Bernhard Nocht ta Hambag a Jamus, ya ba da rahoton samun ƙwayar a jikin erythroleucus a Najeriya da Gini, da kuma wani ɗan ɓeran kurmi, Hylomyscus pamfi. Da ido aka yi aikin, da an ce erythroleucus ɗin ma natalensis ne a wuce wurin. Shi kansa natalensis ɗin, DNA ta nuna ya kasu rassa shida a faɗin Afirka, biyu daga ciki suna Najeriya, kuma an samu cutar a dukkan biyun. Hanyar dai tana da nata rauni: saitokurom b ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa, saboda haka in jinsi biyu suka yi barbara, zai ba da labarin dangin uwa ya yi shiru a kan na uba. Shi ya sa mai taka-tsantsan kan haɗa da wasu alamomin.

Me ya haɗa manomin Kusada ko Kankiya da wannan duka? Zazzaɓin Lassa ya fi ƙamari a Ondo da Edo da Bauci da Taraba, kuma yakan tashi ne da rani, daidai lokacin da ɓera ke komawa gida. A ɓarkewar 2018, masanan da suka karanta makamancin DNA na ƙwayar cutar, ciki har da na Jami'ar Redeemer's da ke Ede, sun nuna cewa akasarin masu cutar daga ɓera suka ɗauka, ba daga junansu ba. Ke nan sanin wane ɓera ne a ɗaki, wane ne a gona, shi ke nuna inda za a sa ƙarfi. In na gida ne, maganar rufe kwano ce da toshe rami da daina shanya a ƙasa. In ɓera da sata, ai daddawa ma da wari. In na daji ma yana ɗauke da ita, to yaran da ke cinna wa ciyawa wuta suna farautar ɓeraye su gasa sun shigo lissafi. A Yamai, Madougou Garba da Gauthier Dobigny sun bi unguwanni da tarko, suka tarar natalensis ne ya mamaye gidajen jama'a, baƙin ɓeran nan na jiragen ruwa kuma ya fi yawa a wuraren kasuwanci da masana'antu.

Akwai kuma wani ɗan ƙarami da manoman jigawa suka sani ko da ba su san sunansa na boko ba: launin rairayi, manyan idanu, doguwar wutsiya, mai bin shuka da dare yana tone irin gero har sai an sake shuka. Sunansa Gerbillus nigeriae, kuma a Fanisau, nan kusa da Kano, Angus Buchanan ya kama samfurin da aka raɗa masa suna da shi a 1920. Shi nasa ruɗanin a juye yake. Da aka ƙirga kuromosom ɗinsa sai aka samu wani 60, wani 68, wani har 74, kamar jinsuna daban-daban ne. Da aka bi diddigi sai ga shi duk gida ɗaya ne. Tun bayan farin shekarun 1970 da 1980 ya yi ta faɗaɗa, har ya bayyana a arewacin Senegal, inda a da ba a san shi ba.