Darasin Motsa Jiki da Neman Gurbin Jami'a a Amurka

Ɗaliban sakandare a Amurka kan so su san ko makin darasin motsa jiki yana da tasiri wajen neman gurbin jami'a. Kafin a amsa, sai an bambance abu biyu: sharuɗɗan kammala sakandare, da abin da jami'a ke ɗorawa a sikeli.

A jihar Kalifoniya, doka ta wajabta wa ɗalibi shekara biyu na darasin motsa jiki kafin ya karɓi shaidar kammalawa. Ita kuwa Jami'ar Kalifoniya, mai rassa a Berkeley da Los Angeles, tana da nata jerin kwasa-kwasai 15: Turanci shekara 4, lissafi 3, tarihi 2, kimiyya 2, wani harshe 2, fasahar zane ko kiɗa 1, sai zaɓi 1. Babu motsa jiki a ciki. Idan takardar neman gurbi ta iso, jami'ar kan sake lissafin matsakaicin maki daga waɗannan darussa na aji 10 da 11 kawai. Ke nan wanda ya ci A a filin wasa bai rufe giɓin da lissafi ya bar masa ba.

Hatta 'yan wasa ba su tsira ba. Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, tana neman manyan darussa 16 da matsakaicin maki 2.3 ga mai son buga wasa a rukuni na ɗaya, kuma ba ta lissafa motsa jiki.

Duk da haka, raina darasin kuskure ne babba. Gurbin da jami'a ke bayarwa yana rataye ne da kammala sakandare, wanda ya faɗi darasin da doka ta wajabta kuwa shaidarsa na iya maƙalewa. Sannan a makarantu da yawa, makin ya dogara ne da halarta, sanya kayan wasanni da shiga atisaye. Jami'in ɗaukar ɗalibai da ya ga F a wannan darasi zai fahimci cewa fashin darasin aka riƙa yi.

Inda ƙarfin jiki ke da nauyi kai tsaye shi ne makarantun soja irin su West Point, masu gwaji shida, ciki har da gudun mil ɗaya.

Saboda haka ɗalibi ya halarci darasin, ya ci shi lafiya lau, sannan ya zuba ƙarfin karatunsa a lissafi, kimiyya da Turanci.