Shardon mari da lafiyar hanta

Manoma da makiyaya na Adar, ciwon hanta ba abin wasa ba ne. Yakan daɗe cikin jiki ba a sani ba. Saboda haka ya kamata mu san abin da ke kare hanta, kada mu ɓarnatar da kuɗin guminmu.

Akwai wani tsiro mai ƙaya da Faransawa ke kira shardon mari. Ganyensa kore ne mai zanen fari, kamar an ɗiga masa madara. Asalinsa ƙasashen bakin tekun Bahar Rum ne, irin su Aljeriya da Maroko. Daga ƴaƴansa ake fitar da wani sinadari mai suna silimarin, a yi ƙwayoyi da shi.

Mene ne aikinsa? Kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, haka wasu gurɓatattun abubuwa ke cin naman jiki a hankali. A ɗakin bincike an ga silimarin yana rage wannan ɓarna. A Turai likitoci suna yin allurarsa ga wanda ya ci naman kaza mai dafi.

Amma a shekarar 2012 an gwada ƙwayoyinsa a Amurka ga mutum 154 masu ciwon hanta irin C. Bai warkar da su ba. Don haka idan an tallata muku shi a kasuwa da sunan maganin shawara, ku yi hattara. Makiyaya kuma su sani, ganyensa yana iya kashe shanu da tumaki idan sun ci da yawa.

Ga abin da ke kare hanta:

1. Ku kai jarirai rigakafi a sati na 6 da na 10 da na 14. Tun 2008 Nijar ta sa rigakafin ciwon hanta irin B cikin allurar yara.
2. Kada a yi kaciya ko sakiya ko aski da aska ɗaya ga mutum biyu.
3. Ku busar da gyaɗa da hatsi sosai kafin su shiga rumbu. Fumfuna tana da dafi mai cin hanta.
4. Ku ci zogale da tumatir da albasa na lambunan Keita da Tabalak. Su ma suna da sinadarai masu kare jiki.

Wanda idonsa ya yi rawaya, ya je likita mafi kusa ko babban asibitin Tawa, a auna jininsa. Rigakafi ya fi magani.