Nell: Matar da Ta Tashi a Daji, da Tambayar Inda Harshe Yake Fitowa

Wani saurayi mai kai wa wata tsohuwa cefane ya isa bukkarta da ke can cikin duwatsun jihar Karolina ta Arewa a Amurka, sai ya tarar rai ya yi halinsa. Aka kira ɗan sanda, aka kira likitan garin, Jerry Lovell, domin ya tabbatar da rasuwar. Kowa ya san tsohuwar ita kaɗai take zaune. Amma da likitan ya shiga ciki sai ya ji motsi, ya duba, ya ga mace baliga ta maƙure a lungu tana kyarma, tana zuba wata magana da babu mai gane ko kalma ɗaya a cikinta. Babu takardar haihuwarta, babu sunanta a makaranta ko asibiti. A wurin hukuma, ba a taɓa haihuwarta ba.

Haka fim ɗin Nell ya fara. Ya fito a ƙarshen shekarar 1994, Michael Apted ne ya ba da umarni, Jodie Foster ta fito a matsayin Nell, Liam Neeson ya zama likita Lovell, Natasha Richardson kuma ta hau matsayin Paula Olsen, masaniyar halayyar ɗan'adam da ta zo daga birni. An ciro labarin ne daga wasan kwaikwayon dandamali na Mark Handley mai suna Idioglossia, kalmar da masana ke kiran yaren da mutum ɗaya ko biyu kaɗai suke ji. Rawar da Foster ta taka ta kai ta cikin jerin masu takarar kyautar Oscar.

Rigimar fim ɗin a kan makomar Nell take. Paula da manyanta na ganin a kai ta asibitin masu taɓin hankali a kula da ita, a kuma yi nazari a kanta. Lovell na ganin a ƙyale ta inda ta saba. Alƙali ya ba su wata uku su je su lura da ita kafin ya yanke hukunci. Paula ta zauna cikin jirgin ruwa a bakin tafki tana kallon Nell ta kyamarorin da ta dasa a ɓoye, shi kuwa Lovell ya kafa tanti kusa da bukkar yana saurare. A hankali zaren ya fara warwaruwa. Ashe fyaɗe aka yi wa mahaifiyar ta sami ciki, shi ya sa ta ɓoye abin da ta haifa, ta kuma cusa wa Nell tsoron fita da rana. Ashe shanyewar ɓarin jiki ta karkatar da bakin uwar, kalmominta suka riƙa fita a gurguje. Ashe kuma Nell 'yar tagwaye ce: 'yar'uwarta ta rasu tun suna ƙanana, ita ce take yi wa magana duk lokacin da ta tsaya gaban madubi.

A nan ne nake ganin masu kallo da yawa suke kuskuren fahimta. Sukan ba da labarin fim ɗin a matsayin na wata da ta tashi kamar dabba, babu harshe, sannan ta zo ta koya wa masu ilimi hikima. Nell ba ta tashi babu harshe ba. Maganarta Turanci ce da ta bi ta bakin uwa mai larura, ta gauraya da lafuzzan tsohon Baibul da ake karanta mata, sannan ta haɗu da 'yan kalmomin da ita da 'yar'uwarta suka ƙirƙira a wajen wasa. A ƙaddara wata uwa Bahaushiya da bakinta ya karkace, ba ta iya furta farkon kalma, tana cewa "uwa" a maimakon "ruwa", "inci" a maimakon "abinci". Idan 'yarta ba ta taɓa jin muryar kowa ba sai tata, haka za ta ɗauka ana faɗa. Baƙo zai ji kamar gwaranci, alhali Hausa ce da jimlolinta tsaf, da mai aikatawa da abin da aka aikata, da jiya da gobe. Abin da Nell take da shi ke nan. Tana da uwa da ta yi mata magana, tana da abokiyar hira. Wannan bambanci shi ne komai.

Tambayar abin da zai faru da yaron da bai taɓa jin magana ba tsohuwa ce ƙwarai. Ibn Ɗufail, likita kuma masanin falsafa na Andalus wanda ya rasu a 1185, ya rubuta labarin Hayyu ibn Yaƙzan, jaririn da barewa ta shayar a tsibirin da babu kowa, ya girma ya gano Mahaliccinsa da tunaninsa kaɗai, daga baya wani baƙo ya iso tsibirin ya koya masa magana yana babban mutum. Wannan ƙagaggen labari ne, an gina shi don isar da hujjar falsafa. Sarki Akbar na Indiya kuwa, a ƙarni na 16, gwadawa ya yi da gaske: ya sa aka tara jarirai a wani gida, aka hana masu renonsu yi musu magana. Da aka duba su bayan 'yan shekaru, ba su zo da Larabci ko Farisanci ko wani yare ba. Ba su iya magana ba kwata-kwata. Haka ma yaron da aka kama a dajin Aveyron na Faransa a 1800, wanda aka sa wa suna Victor: likita Jean Itard ya shafe kimanin shekara biyar yana fama da shi, amma 'yan kalmomin da ya iya furtawa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Labarin da ya fi girgiza masana shi ne na yarinyar da suka sakaya sunanta suka kira Genie. A watan Nuwamba na 1970 mahaifiyarta, wadda idonta ya kusa mutuwa, ta shiga wani ofishin jin daɗin jama'a a yankin Los Anjalas tana janye da ita. Ma'aikatan sun zaci 'yar shekara shida ce ko bakwai. Shekararta goma sha uku, nauyinta kimanin kilo 27. Tun tana da wata ashirin mahaifinta ya kulle ta a ɗaki, da rana a ɗaure kan kujerar bahayar yara, da dare a ɗaure cikin wani gado mai kama da keji. In ta yi ƙara ya doke ta. Ba ya yi mata magana, sai dai ya yi mata haushi irin na kare.

Shekara uku kafin haka, a 1967, wani masani mai suna Eric Lenneberg ya fitar da ra'ayin cewa ƙwaƙwalwar ɗan'adam tana da wani lokaci na musamman da take karɓar harshen farko, daga ƙuruciya zuwa wajen balaga, in ya wuce ƙofar takan yi wuyar buɗuwa. Bahaushe ya riga ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma babu wanda zai iya gwada wannan a kan ɗan mutum da gangan. Sai ga Genie. Masaniyar harshe Susan Curtiss ta yi shekaru tare da ita. Yarinyar ta nuna basira: ta haddace ɗaruruwan kalmomi, tana son sanin sunan kowane launi da kowane abu, tana iya isar da nufinta da zane da nuni. Abin da ya gagare ta shi ne nahawu. Takan jera kalma biyu ko uku, amma ba ta iya ƙulla tambaya yadda ya kamata, ba ta iya riƙe ƙananan kalmomin da ke ɗaure jimla. Kamar mutumin da aka tara wa tubali da yawa aka hana shi laka.

Ƙarshen labarinta ba irin na fim ba ne, kuma duk lokacin da na tuna shi raina yakan ɓaci. Kuɗin bincike ya yanke, masanan suka shiga jayayya a junansu, aka riƙa yawo da ita daga gidan reno zuwa wani. A ɗaya daga cikinsu aka hukunta ta don ta yi amai, ta tsorata har ta daina buɗe baki, 'yar maganar da ta koya ta zube. Fargabar da likita Lovell yake nunawa a fim, cewa za a mai da mutum abin gwaji a manta shi mutum ne, ta riga ta faru a zahiri.

Mai hankali zai ce: yarinyar da ta sha duka da yunwa da kaɗaici irin wannan, yaya za a san rashin jin magana ne ya hana ta nahawu, ba azabar ba? Tambaya ce mai ƙarfi, kuma wasu mata biyu ne suka taimaka wajen amsa ta. Ta farko, wadda aka sakaya da sunan Isabelle, an gano ta a jihar Ohayo a 1938 tana da shekara shida da rabi, a kulle cikin ɗaki mai duhu tare da mahaifiyarta kurma. Ba ta magana. Aka dage da koya mata, cikin kimanin shekara biyu ta kamo sa'o'inta. Ta biyu, wadda ake kira Chelsea, an haife ta kurma a Kalifoniya, likitoci suka yi kuskure suka ce taɓin ƙwaƙwalwa ne. Danginta sun so ta, ba wanda ya doke ta ko ya ɗaure ta. Sai da ta haura shekara talatin aka gane kurumta ce, aka sa mata na'urar ji. Ta koyi kalmomi masu yawa, har tana aiki, amma jimlolinta ba su taɓa daidaituwa ba. Mai shekara shida ta tsira, mai goma sha uku da mai talatin ba su kai ba. Shekarun da aka fara jin harshe su ne suka raba su.

Batun yaren tagwaye ma haka yake. A ƙarshen shekarun 1970 jaridun Amurka sun yi ta yayata wasu tagwaye mata a San Diyego, masu kiran junansu Poto da Cabengo, wai sun ƙirƙiro sabon yare. Da masana suka zauna suka saurara da kyau, sai suka tarar mafi yawansa Turanci ne da Jamusancin kakarsu da suka lanƙwashe a bakin yara, saboda ba a fita da su, ba a kuma cika yi musu magana ba. Duk wadda ta reni Hassana da Hussaina ta san wani abu makamancin haka: sukan yi 'yan kalmominsu, amma da zarar sun shiga cikin yara sai su watsar.

In ana neman wadda ta yi kama da Nell a duniyar gaske, sai a duba Saiberiya. A 1936 wani mutum mai suna Karp Lykov ya kwashi iyalinsa ya nutsa cikin daji don gudun matsin da gwamnatin Sobiyet take yi wa masu addini. Sai a 1978 masu binciken ma'adinai suka hango gonarsu daga jirgi mai saukar ungulu, kimanin kilomita 250 daga gari mafi kusa. Iyalin ba su ma san an yi Yaƙin Duniya na Biyu ba. 'Yarsu Agafia, wadda aka haifa a dajin a 1944, ba ta taɓa ganin baƙo ba. Maganarta ta yi wa baƙin wuyar ganewa da farko, amma Rashanci ce cikakkiya, kuma ta iya karatu daga littattafan addu'a. Bayan 'yan'uwanta uku sun rasu a 1981, mahaifinta ya bi su a 1988, ta zaɓi ci gaba da zama a wurin.

Fim ɗin yana da rauninsa. A ƙarshe Nell ta miƙe a kotu ta yi jawabi mai ratsa zuciya, Lovell yana fassarawa, ta nuna wa mutanen birni cewa sun san manyan abubuwa amma ba sa kallon idon juna. Wurin yana sa hawaye, sai dai bakin marubuci ne ke magana, ba na matar da ta tashi cikin tsoro ba. Hatsarinsa shi ne mai kallo ya tashi da tunanin cewa kaɗaici yana tsarkake mutum. Abin da fim ɗin ya dace da shi shi ne nuna cewa rashin gane maganar mutum ba hujja ba ce ta cewa ba shi da hankali, kuma wanda ya zauna ya saurara ya fi wanda ya dasa kyamara saurin ganewa.

Kada mu ɗauka wannan labarin Turawa ne kawai. A 2020 an ceto wani yaro a Birnin Kebbi da aka ɗaure a turken dabbobi kimanin shekara biyu, a cikin unguwa, ba a daji ba. Waɗanda ba sa shiga labarai sun fi yawa: yaron da aka haifa kurma, ko zazzaɓi ya tafi da jinsa, aka ce aljanu ne ko wauta, aka bar shi a ƙuryar ɗaki shekarunsa na koyon harshe suna wucewa. Alhali maganar hannu harshe ce cikakkiya mai nahawunta, kuramen ƙasar Hausa suna da tasu, kuma akwai makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano da ke karɓar irin waɗannan yara. Ƙwaƙwalwa ba ta damu ko ta kunne harshe ya shigo ko ta ido ba, muddin ya shigo da wuri.

Saboda haka, uwa, in jaririnki ba ya waiwayowa in an kira shi, ko ya kai shekara biyu babu kalma a bakinsa, ki kai shi asibiti a gwada jinsa, kada ki jira wai zai yi in ya girma. In an tabbatar kurma ne, a haɗa shi da masu maganar hannu tun yanzu, 'yan gida ma su koya. Maƙwabci kuma, in ka san gidan da aka kulle yaro ba ya ganin rana, ka sanar da mai unguwa ko hukuma yau.