Labari ta Na'ura: Dabarar Jawo Ɗalibi Mai Gudun Karatu

Kusan kowane malamin harshe a makarantun Birnin Kebbi da Argungu ya san irin wannan ɗalibi. Idan an tashi daga makaranta, shi ne mai tara 'yan'uwansa yana ba su labarin yadda aka kama giwan ruwa a Matan Fada, kowa ya yi tsit yana saurare. Amma da zarar an miƙa masa littafi an ce ya karanta sakin layi guda, sai ya sunkuyar da kai, murya ta maƙale. A wannan maƙala za mu duba abin da ke haddasa haka, sa'annan mu yi bayanin wata dabara ta haɗa labari da na'ura, wadda ke iya mayar da shi ga takarda da alƙalami.

Me ke kawo gudun karatu?

A shekarar 1986 wani masani mai suna Keith Stanovich ya bayyana cewa yaron da karatu ya zo wa da sauƙi yakan ji daɗinsa, ya ƙara karantawa, ya ƙara sanin kalmomi. Wanda kuwa ya yi tuntuɓe tun farko yakan ji kunya ya guji littafi, rashin karantawar kuma ya ƙara mayar da shi baya, har tazarar da ke tsakaninsu ta yi ta faɗi kowace shekara. Saboda haka abin da ake ɗauka lalaci ne, sau da yawa tsoron jin kunya ne a gaban aji, kuma bulala ba ta maganin wannan. Abin da ake nema shi ne dalilin da zai sa yaron ya karanta da son ransa, kuma ya maimaita.

Mene ne labari ta na'ura?

Gajeren fim ne na minti 2 ko 3, wanda mutum ke haɗawa da muryarsa da hotuna. Dana Atchley da Joe Lambert ne suka yaɗa wannan hanya a jihar Kalifoniya ta Amurka a farkon shekarun 1990, kuma cibiyar da ta samo asali daga aikinsu ita ce ake kira StoryCenter. A 2001 gidan BBC ya fara irin wannan shiri a yankin Wales na Birtaniya tare da Daniel Meadows, inda aka ɗauki ma'auni mai sauƙi: kalma 250, hoto kamar 12, minti 2. A wancan zamani sai da kwamfuta mai tsada. Yau wayar hannu ta zamani guda ɗaya ta wadatar, domin tana ɗaukar hoto, tana naɗar murya, tana kuma haɗa su.

Yadda ake yi a aji

Da farko malami zai raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowa ya zaɓi labarin abin da ya sani. Ƙasar Kabi ba ta rasa abin faɗi. Akwai bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma hukumar UNESCO ta saka shi cikin al'adun duniya abin adanawa a 2016. Akwai gidan tarihi na Kanta, akwai noman shinkafa a fadamar kogin Rima. Ɗalibi zai fara faɗin labarinsa da baki, 'yan rukuni su yi masa tambayoyi. Daga nan sai ya rubuta shi, malami ya duba. Bayan haka a ɗauki hotuna ko a zana su, ɗalibi ya karanta rubutunsa na'ura tana naɗa, a saka jimlolin a ƙarƙashin hotunan, a ƙarshe a nuna wa aji.

Ina amfanin yake?

Mai karatu zai lura cewa ba a kaiwa ga fim sai an bi ta kan rubutu. Amfani na farko yana wajen naɗar murya. Ɗalibin da ya saurari kansa ya ji ya yi gargada, shi da kansa zai ce a sake, har ya karanta shafi guda sau biyar ko shida ba wanda ya tilasta masa. Tun a 1979 S. Jay Samuels ya nuna cewa maimaita karanta gajeren rubutu yana ƙara sauri da daidaito.

Na biyu, kalmomin nasa ne. Ɗan Sarkawa ya san homa da gora da kwalekwale tun kafin ya shiga makaranta, saboda haka ganinsu a rubuce ba zai firgita shi ba. Sylvia Ashton-Warner ta yi amfani da irin wannan hikima wajen koyar da yaran ƙabilar Maori a New Zealand, inda kowane yaro ke fara karatu da kalmomin da ya zaɓa da kansa.

Na uku, rubutun da ke ƙarƙashin hoto yana haɗa ido da kunne. A Indiya, Brij Kothari ya jagoranci saka rubutun waƙoƙi a talabijin cikin harshen da ake rera su, domin mai kallo ya riƙa ganin kalmar da yake ji.

Karin harshe da ƙa'idar rubutu

Ɗalibin wannan yanki yakan ce "shina" inda littafi ya ce "yana", ya ce "hwari" inda littafi ya ce "fari". Kada malami ya mayar da wannan abin dariya. Sai ya rubuta duka biyun a allo, ya nuna wanda Daidaitacciyar Hausa ta zaɓa. Haka kuma a tabbata an saka wa wayar allon rubutu na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ, domin "baki" daban, "baƙi" daban.

Iyakar dabarar

Gough da Tunmer sun nuna a 1986 cewa karatu yana tsaye ne a kan abu biyu: iya haɗa baƙaƙe, da fahimtar harshe. Idan ɗaya ya ɓace, karatu ya rushe. Don haka ɗalibin da bai san baƙi da wasali ba, sai an koya masa su tukuna, kamar yadda shirin Mu Karanta ya yi a makarantun firamare na Sakkwato da Bauchi. Wajibi ne kuma a nemi izinin mutum kafin a ɗauki hotonsa, kada kuma a watsa hoton yaro a intanet sai da yardar iyayensa. Wajen ba da maki, a duba rubutun da karatun, a bar kyan hoto gefe.

A ƙarshe, muna ba malamai shawarar su kwafe rubuce-rubucen a takarda su ɗinke su wuri guda. Aji mai ɗalibi 40 zai samu labari 40 a zango ɗaya, kuma 'yan aji na baya za su tarar da littafin da yayyensu suka rubuta a kan garinsu.