Daftari Ba Doka Ba Ne

A ƙarshen 2018 wata maƙwabciyata a unguwar Bronx ta birnin New York ta tare ni a bakin matakala, riƙe da katin tallafin abincin 'ya'yanta. "Malam, mayar musu da abinsu zan yi," in ji ta. "An ce duk wanda ya ci na gwamnati ba zai samu takardar zama ba." Yaran biyu a Amurka aka haife su. Abin da ya tayar mata da hankali kuwa bai ma zama doka ba tukuna.

Tun 1882 dokar Amurka ta ba da ikon hana shigowar wanda ake ganin zai zame wa gwamnati kaya. Ma'anar kayan ce ke sauyawa. Ƙa'idar 1999 ta taƙaita shi ga tallafin tsabar kuɗi da doguwar jinya a gidan kulawa da kuɗin gwamnati. Ranar 10 ga Oktoba 2018, Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta buga daftarin da ya ƙara tallafin abinci, da na haya, da yawancin tallafin lafiya na Medicaid.

Buga daftari somin-taɓi ne. Wata doka ta 1946 ta wajabta wa ma'aikata ta sanar da niyyarta a jaridar gwamnati, Federal Register, sannan ta saurari jama'a. A wannan karon kwana 60 aka bayar, kuma ko ba ɗan ƙasa ba yana iya rubutawa. Mutane suka aika da ra'ayi sama da 266,000, galibi na adawa. Dole ma'aikata ta amsa manyan hujjojin, in ta yi biris kotu na iya rushe aikinta.

An kammala ƙa'idar a Agusta 2019, ta fara aiki a Fabrairu 2020, aka jingine ta a Maris 2021. Amma tsoro ya riga ta isa gidaje. Wani kwafin daftarin da ya ɓulla a farkon 2018 ya haɗa da tallafin yara, wanda aka buga kuwa ya cire shi. Jita-jita ta tsaya a kan na farkon.

Abin da ke ci mini rai shi ne, kwanakin da aka ware don a ji muryarmu su ne muka yi muna ɓuya. A daren da ta tare ni na karanta wa maƙwabciyata sashen yaran a daftarin, ina fassarawa layi-layi. Ta yi shiru, ta mayar da katin cikin jaka, ta ce, "To, ni ma rubuta musu nawa."