Kawu, Ka Ga Teku? Shiri na Musamman a Kan Birnin Ikko

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

  Gaisuwa ga mutanen Rigasa baki ɗaya, daga Hayin Ɗanmani har Hayin Malam Bello, da masu shaguna a Makarfi Road, da direbobin da ke jiran fasinja a bakin tashar jirgin ƙasa. Yau Kudu muka nufa, sai birnin Ikko, inda ƙasar Najeriya ta ƙare, ruwa ya karɓa.

Ina yaro, kawuna fataucin yadi yake yi. Duk bayan mako uku yakan hau mota daga Kaduna, ya ratsa Birnin Gwari da Mokwa, ya haye Kwara a gadar Jebba, ya bi ta Ilori da Badun, ya wayi gari a Ikko. Ranar dawowarsa mukan kewaye shi muna jiran tsarabar burodin Agege. Wata rana na ce masa, "Kawu, ka ga teku?" Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, kasuwa na je." Ya shafe fiye da shekara 20 yana wannan zirga-zirga. Daga rumfar da yake sari zuwa bakin teku bai kai nisan Rigasa zuwa Kawo ba, amma bai taɓa taka ƙafarsa can ba. Irin kawuna suna da yawa a garin nan. Saboda su muka shirya wannan shiri.

Sunan Ikko daga Eko ya fito, wato yadda masu garin ke kiransa. Legas kuwa Turawan Fotugal ne suka laƙaba masa, kalmar tana nufin tafkuna. Wanda ya hau doguwar gadar nan ta uku, mai tsawon kusan kilomita 12, wadda aka buɗe a 1990 zamanin Janar Babangida, zai gane dalili. Ruwa dama, ruwa hagu, ga gidajen masunta na Makoko a kan turaku, ga kwale-kwale suna kai-komo. Baƙo yakan ɗauka tekun ke nan. A'a, wannan tafki ne. Tekun yana gaba, za mu isa gare shi. Mu fara da abin da ya saba kai mu: kasuwa.

(Sautin hayaniyar kasuwa)

Idan kana so ka ga Arewa a tsakiyar Ikko, yi sammako ka je kasuwar Mile 12 da ke kan hanyar Ikorodu. Kafin alfijir tireloli sun yi layi. Tumatir daga Kadawa da Hunƙuyi da Ɗanja, albasa daga Aliero da Sakkwato, ga attaruhu, ga tattasai. 'Yan dako suna sauke kwanduna, dillalai suna taya, mai kaya yana cewa albarka, matan Yarabawa masu sari suna ciniki, wasunsu da Hausa tiryan-tiryan. Kayan gwari ba sa jiran kowa. Motar da ta yi kwana ɗaya fiye da ƙa'ida a hanya, asara ce ga manomin da ya yi wata uku yana ban ruwa. A ƙarshen watan Fabrairun 2021, da ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, tumatir ya yi tsada a Ikko, a nan gida kuma ya rasa mai saye yana ruɓewa. Ranar kowa ya gane cewa tukunyar Ikko da gonar Arewa igiya ɗaya ta ɗaure su.

Daga nan sai Agege, tsohon zangon Hausawa. Goro ne ya kai kakanninmu can. Gonakin yankin suna ba da goro, layin dogo da ya haɗa Ikko da Kano tun 1912 ya bi ta wurin, fatake suka sauka, suka yi aure, suka haifi 'ya'ya. Yau akwai jikokin da ba su san wani gida ba sai Agege, suna da sarkinsu na Hausawa, da masallatai da makarantun allo. A Oko-Oba, nan kusa, babbar mayankar garin take, inda shanun Arewa ke ƙare tafiyarsu. Haka kuma za ka sami 'yan uwa a Idi-Araba, da Obalende, da Alaba Rago, kasuwar raguna da awaki.

Amma uwar kasuwanni ga mai neman tufafi ita ce Balogun, a kan tsibirin Ikko. Ba ta da ƙofa, ba ta da katanga. Tituna ne da lunguna suka rikiɗe suka zama kasuwa, benaye cike da kaya tun daga ƙasa har sama: atamfa, leshi, shadda, takalma, jakunkuna, kayan lefe iya ganinka. Tana haɗe da Idumota, ba za ka san inda ɗaya ta ƙare ɗayar ta fara ba. Me ya sa ɗan Kasuwar Barci ko na Kasuwar Gumi zai yi kwana a mota don ya zo nan? Saboda tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can suna nan kusa. Kwantena ta sauka daga Sin ko Indiya, babban ɗan kasuwa ya fasa, mai sari ya ɗauka, kowane hannu da kayan suka bi sai ya ɗora ribarsa. Wanda ya matsa kusa da bakin ruwa ya rage hannuwan da ke tsakaninsa da kaya.

Sauran kasuwannin kowace da abin da ta shahara a kai. Kayan lantarki, Alaba International a Ojo. Waya da kwamfuta, Computer Village a Ikeja. Kayan gyaran mota, Ladipo a Mushin. Ga shawarar da tsofaffin fatake ke bai wa sabon shiga: ka sauka wurin maigidan da ka sani, domin idon baƙo ba ya ganin gari. Kada ka miƙa kuɗi ga wanda ya tare ka a titi ya ce zai kai ka shagon yayansa. Ka kunna waya ka gwada ta a gaban mai shago, ka karɓi rasit mai lambar rumfa. Kayan da aka karya wa farashi fiye da kima, ka tuna araha ba ta ado. Sannan ka sani tun 2022 an hana acaba a manyan sassan garin, har da Ikeja da Apapa da tsibirin kansa. Akwai motocin danfo masu ruwan ɗorawa, akwai kuma jirgin ƙasa mai aiki da lantarki da ya fara jigila a 2023 daga Marina zuwa Mile 2, mai tserar da mutum daga cunkoso.

Masu sauraro, an gama ciniki, an ɗaure kaya, an kai wa ɗan kamasho. A nan kawuna yakan juya. Mu kuwa a nan za mu ci gaba, bayan wannan ɗan kiɗa.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Barkanmu da dawowa. Kana tsaye a Balogun, ɗaga kanka. Hasumiyoyin da kake hange na babban masallacin Juma'a na Ikko ne, wanda aka buɗe a 1988. Ka yi Azahar a can, sannan ka tambayi hanyar masallacin Shitta-Bey, 'yar tafiya ce da ƙafa. An buɗe shi a 1894. Attajiri Muhammadu Shitta ne ya gina shi da dukiyarsa, Sarkin Musulmin Daular Usmaniyya ya aiko masa da sarautar Bey tun daga Santambul. Maginin kuwa yana cikin 'yan Afirka da suka komo daga ƙasar Birazil bayan bauta, shi ya sa fasalin ginin bai yi kama da na sauran masallatanmu ba. Riƙe sunan Birazil, za mu sake cin karo da shi.

Ka miƙe gabas, sai Dandalin Tafawa Ɓalewa, mai gumakan dawakai a bakin ƙofa. Da can filin sukuwa ne. A nan aka sauke tutar Ingila aka ɗaga kore-fari-kore, daren da ya wayi gari 1 ga Oktoban 1960. A nan ɗan Bauci, malamin makaranta, Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya karɓi takardun 'yancin ƙasar nan. Garin ya ci gaba da zama fadar gwamnatin tarayya har ranar 12 ga Disamban 1991 da aka koma Abuja.

Taku kaɗan daga dandalin, a unguwar Onikan, akwai gidan adana kayan tarihi na ƙasa da aka kafa a 1957. Ɗan Kaduna ya kamata ya shiga wannan gida da alfahari, domin cikin mafiya daraja a kayansa akwai sassaƙen yumɓu na al'adar Nok, waɗanda suka haura shekara 2000, aka tono su a kudancin jiharmu. A wani ɓangaren kuma ga baƙar Marsandi, jikinta duk hudar harsashi. Motar Janar Murtala Ramat Muhammad ce, wadda aka harbe shi a ciki ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976, yana kan hanyar zuwa ofis a barikin Dodan. Da na tsaya gabanta, na ga mutane suna shigowa da hira, suna fita shiru. Mun ji labarin nan a bakin iyaye, mun ga hotonsa a takardar naira 20, amma gani ya kori ji.

Ko rundunar sojan da ya jagoranta, a Ikko aka dasa irinta. A 1863 wani hafsan Ingila, John Glover, ya tara 'yan Arewa 18 ya ba su bindiga, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Daga wannan 'yar ƙungiya sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa.

Wanda ke da kwana guda cur, ya nufi yamma zuwa Badagry, dab da iyakar Jamhuriyar Benin. Akwai benen da 'yan mishan suka gina a 1845, akwai gidan Seriki Abass mai ƙananan ɗakuna 40 da ake tsare bayi kafin a sayar. Za a nuna maka sarƙoƙi da mari. Daga nan a haye da kai a kwale-kwale zuwa tsibirin Gberefu, ka taka rairayi har gaɓar da wanda ya wuce ta ba ya komowa. Kada ka ce wannan tarihin wasu ne. Cikin waɗanda aka loda a jiragen ruwa daga wannan gaɓar teku akwai Hausawa, aka kai su Bahiya ta Birazil, inda suka shirya bore a 1807, suka kuma shiga babban boren Musulmi na watan azumin 1835. Wasunsu masu ilimi ne, an sami rubutun Larabci a layunsu. Daga Badagry ɗin nan kuma Baturen nan Clapperton ya tashi a ƙarshen 1825, ya bi ta Zariya da Kano har Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a can a 1827. Hanyar da ke tsakaninmu da teku ta girmi kwalta, ta girmi layin dogo.

(Sautin igiyar ruwa)

Ga shi mun iso. Dattawan da suka san Bar Beach ba za su same ta ba yanzu, an cike wurin da yashi ana gina sabuwar unguwar Eko Atlantic. Sai dai a bi ta Lekki, ko a shiga jirgin ruwa zuwa Tarkwa Bay, inda ruwan ya fi lafawa. Mai iyali ya biya ta gandun dajin Lekki da aka kafa a 1990, yara su ga birai da ɗawisu, mai ƙarfin zuciya ya hau gadar igiya mai tsawon mita 401 da ke lilo a saman bishiyoyi. Ina roƙonku abu biyu. Kada ku shiga jirgin ruwa ba rigar kariya. Kada kuma wanda ya iya iyo a kogin Kaduna ya ɗauka ya iya teku, domin igiyarsa tana ja ta ƙasa, ba ta shawara.

Ranar da na fara tsayawa a wannan gaɓa, kawuna ya shekara uku da rasuwa. Na cire takalmi, ruwa ya zo ya shafi ƙafata ya koma. Na duba iya ganina, ba tudu, ba bishiya, ba hayi, sai ruwa ya haɗe da sama. Babu abin da bakina ya iya furtawa sai tasbihi. Na yi masa addu'a a wurin. Da guminsa aka biya kuɗin makarantarmu, hanyar Ikko ce ta ci ƙuruciyarsa, kuma bai taɓa ba kansa ko yini ɗaya ya ga abin da Allah ya shimfiɗa a bayan kasuwar ba.

Saboda haka, Alhaji mai sari, Hajiya mai kayan lefe, ƙanena mai harkar waya, ku ƙara kwana ɗaya a kan tafiyarku ta gaba. Kuɗin masauki ne na dare guda da kuɗin mota. Ku yi salla a Shitta-Bey, ku tsaya gaban motar Murtala, ku ƙarasa bakin ruwa. Yadi yakan koɗe, waya takan lalace, burodi ba ya kwana uku. Tsarabar da ba ta ƙarewa ita ce labarin abin da ido ya gani. Akwai yaro a gidanka da ke jiran ya tambaye ka ko ka ga teku. Ka dawo masa da amsa.

A nan za mu dasa aya. A madadin waɗanda suka taimaka wajen haɗa shirin, nake cewa Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya, ya sa albarka a kasuwa, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)